Wai Gawa Kaɗai Ake Aunawa

Malama Gordana, ki taimake ni kafin in yi abin kunya a gidan surukai.

Shekarata talatin ina koyar da adabi, amma bara na zauna kamar gunki aka kashe mini jika da camfi. 'Yata Tijana na da cikin wata bakwai likita ya ce yaron bai kai girman watanninsa ba, ta riƙa zuwa awo duk mako biyu. Uwar mijinta, Milunka, ta tofa sau uku, ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta ce a gidansu ba a auna mai rai, kafinta ne ke auna mutum in zai yi masa akwatin gawa. Wai ƙaramin ciki ai sauƙin haihuwa ne. Ni kuma, uwar karatu, na yi dariya na ce haka na haifi Tijana, 'yar mitsitsiya kamar kyanwa. Tijana ta daina zuwa. Saura mako uku ta haihu, yaron ya daina motsi. Bai kai kilo biyu ba. An dai auna shi daga ƙarshe, kafintan ne ya auna.

Yanzu tana da cikin wata biyar, jiya kuma na ga jan zaren a hannunta! Bikin da suke yi wa waliyyin gidansu duk shekara saura kwana tara. Na rantse sai na tashi a gaban baƙi, lokacin da ake yanka burodin biki, na faɗa wa tsohuwar nan abin da ta yi. In faɗa?

Kaka Ba Jika, daga garin Pirot

Ya 'yar'uwata,

Allah ya ba ku haƙuri. Fushinki yana da dalili, amma kada ki kai shi teburin biki. In kin yi, Tijana ce za ta kwana a gidan bayan kin tafi.

Wasu jariran ƙanƙanta gadonsu ce. Wasu kuwa mabiyiya ce ba ta ciyar da su sosai, kuma su ne aka fi rasawa dab da haihuwa. Ido ba ya bambance su, sai awo. Ba mai iya rantse miki cewa da an je da ya rayu, amma da an sami damar ciro shi da wuri. Tunda ya taɓa faruwa, likita ya san labarin duka, ya sa ido sosai. In motsi ya ragu, asibiti a ranar.

Milunka ma jika ta binne, tsoro ne ke ɗaura zaren nan. Ki bar mata zarenta, ba ya hana na'ura gani. Ki ja mijin Tijana gefe, uwarsa ce, shi zai tsaya a kan maganar awo.

Sannan maganar kyanwa, wadda kika wuce da sauri. Ita ke hana ki sakat. Ki faɗa wa 'yarki kin yi kuskure, ki tambaye ta ranar awo na gaba, ki kasance a bakin ƙofarta da jakarki.

Allah ya sauke ta lafiya, ki auna wannan da hannuwanki biyu.

Gordana