Guguwar da Ba Ta Zo Ba

Labasa, Fiji

Ƙanena Riyaz,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, kai da Shabnam da yara, Allah ya ƙara muku rufin asiri a Auckland. Mu nan alhamdulillah, rake ya yi kyau bana. Jikin mahaifiyarmu Ammi ne dai sai a hankali. Na rubuta ne zan ɗauki hoto in tura, don bakina ba zai iya a waya ba.

Maganar taswirar nan ce da na tura maka, mai jan da'ira a kan tsibirinmu, na ce ka ɗaga zuwanka guguwa na tafe. Ka ce to Apa, yadda ka saba kiran yayarka, ka soke tikiti, don ba ka taɓa yi mini musu ba. Ranar da aka ce za ta sauka, shanya na yi har ta bushe.

Losana, 'yar maƙwabcinmu mai aiki a ofishin hasashen yanayi, ta zo hutu na nuna mata. Ta riƙe baki, ta ce na'urarsu lissafi take yi sau da dama, kowanne da ɗan bambanci, sai su duba inda yawancinsu suka karkata. Taswirar tawa guda ɗaya ce aka tsinto daga ciki, mafi muni, kuma ta makonni gaba. Daga nesa haka, wai alama ce ta a sa ido, ba hukunci ba. Ni da aka koya wa tun a makarantar masallaci kada in yaɗa labari sai na bincika, ko tambaya ban yi ba.

Ammi ta yi ta tsiya, wai autanta ya zama Bature, zanen waya ya hana shi ganin uwarsa. Jiya na gaya mata ni ce na hana ka zuwa. Ta ce dama ta sani, tun ina yarinya in na hango gajimare nake kwashe shanyar maƙwabta. Ta yi dariya, ni na kasa. Riyaz, abinci ba ya shigar mata sosai. Da asuba takan kira maigidana Feroz da sunanka. Likita ya ce a sanar da na nesa.

Yau wata taswirar ta shigo wayata, ta fi ta farko ja. Na kai wa Losana, ta ce makon nan dai garau ne, gaba kuwa ba wanda zai rantse. Ka yafe mini, ka taho cikin makon nan. Yajin mangwaron da Ammi ta ajiye maka yana nan, ta hana kowa buɗe kwalbar.

Ka gaida Shabnam, da Aliya da Imran. Khala Nasiban, 'yar'uwar Ammi, tana gaishe ku.

Yayarka mai jiranka,
Zarina Bi