Ajin da Ya Miƙe Tsaye

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya baƙunta, ya kuma ciwon bayan naka? Direban da zai kawo maka takardar nan ya ce garin naku babu sabis ɗin waya sai an hau tudu, shi ya sa na koma biro da takarda kamar lokacin da kake nemana. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambayi ɗan nata ko yana cin abinci, ko kuwa littattafansa yake ci. Auta kullum da yamma sai ta je bakin ƙofa ta tsaya. Da ta ji ƙarar babur sai ta ruga, in ta ga ba kai ba ne ta dawo ta cusa fuska cikin zanena.

Ba zan ɓoye maka ba, da sauran fushi a raina. Ranar da ka tafi bakina ya yi nauyi, to yau zan faɗa. Darasin 'yancin ɗan Adam sau ɗaya ne a mako. Waɗanda suka riƙe shi kafin kai rubutu suke cika allo da shi, yara su kwafa, a tashi lafiya. Kai kuwa sai da ka zauna ka fahimtar da su cewa duk wanda aka zarga da laifi, haƙƙinsa ne a ji ta bakinsa kafin a hukunta shi. Suka kuma ji ka. Da wayar malamin horo ta ɓata, aka fito da 'yar mai gyaran takalmi gaban taro za a zane ta, na san ba kai ka ce ajinka su miƙe ba. Da kansu suka miƙe suna cewa a bar ta ta yi magana. Amma shugaban makaranta ya ce kai ka zuga su, aka jefa ka can ƙarshen duniya, kai ma ba wanda ya kira ka ya ji ta bakinka.

Ina alfahari da kai, ina kuma jin haushinka, duk a zuciya ɗaya. Kujerarka tana nan inda ka bar ta. Ina ɗora ɗinkin mutane a kanta don kada in riƙa ganinta babu kowa.

Ka gaida masu masaukinka. Ka huta lafiya.

Matarka, wadda kake kira Sarkin Ƙorafi.

*

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya jiki, ya aiki, ya yaran naka na can? Amsarka ta iso. Na karanta ta a tsaye a tsakar shago, almakashi a hannu, har mai kaya ta ce ko dai ta dawo gobe ne.

Ka tambayi ajinka. Malamar lissafi aka ɗora wa darasin. Ta zo gida neman littattafanka, ta zauna a gefen tabarma kamar mai jiran allura. Ta ce min, "Maman Auta, in na koyar yadda Malam yake yi, ni ma sai a tura ni, ga mahaifina kwance ba lafiya. In kuma na cika musu allo kawai, da wane ido zan dube su?" Na dai zuba mata shayi, na ce ta dawo ranar Asabar.

Da ta dawo ba ita kaɗai ba ce, ta zo da malamin tarihi da malamar ajin ƙanana. A ɗakin malamai ba a iya wannan maganar, kowa sai ya waiga kafin ya buɗe baki, don haka shagona na ƙofar gida ya zama wurin zamansu. Sukan ture yadudduka gefe su baje takardu a kan teburin yanka. Ɗaya ya tashi ya gwada darasin, sauran su zama ɗalibai, su yi ta jefo masa tambayoyin da yara za su yi. Malamin tarihi ya iya kwaikwayon yaro mai taurin kai, har ka ji kamar ka kai masa duka. Ni ina taka keke ina saurare. Inna ma ta ja kujerarta kusa. Rannan ta katse su, ta ce to ita ma tana da 'yancin a rage mata ƙarar rediyo in tana barci. Aka yi ta dariya. Ni dai na juya baya kamar ina neman zare, domin a irin wurin nan dariyarka ce takan fi ta kowa ƙarfi.

'Yar mai gyaran takalmin nan kuwa, ma'aikaciyar jinya ta makaranta ta shaida cewa lokacin da wayar ta ɓata tana wurinta ana wanke mata ciwo a ƙafa. Ba wanda ya ba ta haƙuri, ta daina zuwa makaranta don kunya. Malamar lissafi ta je har rumfar babanta sau da yawa kafin ta yarda ta koma. Baban ya zo nan gida, ya daɗe a tsaye a ƙofa hula a hannu. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne a gaya wa Malam 'yarsa ta koma aji.

To na gaya maka. Inna da Auta suna gaishe ka.

Taka, Sarkin Ƙorafi.

*

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Takardarka ta same ni, kuma na jinkirta amsa da gangan, don da na rubuta a ranar da ba za ka so karantawa ba.

Ka san wahalar da mutanen nan suka sha a kanka? Malaman shagona da iyayen yara suka yi ta zarya ofishin ilimi, a ce musu gobe, su koma goben. Mai gyaran takalmi ya rufe rumfarsa ya bi su. A ƙarshe wata mai duba makarantu ta zaunar da su ta saurari kowa, har 'yan ajin naka ta kira. Ta ce ba ka yi laifi ba, kana iya dawowa farkon zango mai zuwa. Ta kuma ce malaman su riƙa yin zamansu a cikin makaranta, a fili. Malamar lissafi ta rungume ni muna kuka, na je na wanke labule, na sauke ɗinkin da ke kan kujerarka.

Sai ga takardarka, wai ba za ka iya tafiya ka bar yaran can ba sai shekara ta ƙare, kai kaɗai ne malamin azuzuwansu biyu, kuma yanzu ne suka fara ɗaga hannu suna tambaya ba tare da tsoro ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Inna ta bari sai da na gama, sannan ta ce, "Kin san wanda kika aura. Da mai barin yara ne, da tun farko ba a kore shi ba."

Akwai abin da ban so in rubuta ba. Ƙaninka ya zo gaida Inna, Auta ta kama ƙafarsa ta ce masa Baba. Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Don haka na yanke shawara, kuma ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi. Ƙanwarka za ta dawo gidan ta zauna da Inna. Shago na bar wa maƙwabciyata. Na yi magana da direba, ya ce zai ɗaure min keken ɗinki a saman mota, ai mutanen garin naku ma suna sa kaya. Ranar kasuwarku ta sama muna tafe, ni da Auta.

Ka share ɗakin, ka nemo mana tabarma ta biyu. Direba ya ce ka tara gemu har ya sauko ƙirji. Don Allah ka rage shi kafin mu iso, ina so yarinyar nan ta gane ka tun daga cikin mota.

Sai mun zo.

Matarka, Sarkin Ƙorafi.