Tambayar Kifi Ta Jawo Mini Zargi

Anti Humaira, don Allah ki taimake ni. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: ina rubuta labarin soyayya, ina sakawa a guruf da sunan aro. Jarumin masunci ne, ni kuwa duk da a Tiga nake, ko kwale-kwale ban taɓa shiga ba. Ranar da na sa jarumar tana kankare ɓawon tarwaɗa, dariya aka yi ta yi mini, wai tarwaɗa ba ta da ɓawo. Har kuka na yi.

Shi ne in aka aike ni sayen kifi sai in daure in tambayi Uzairu, wani masunci maƙwabcinmu, yadda ake jefa birgi, wato ragar kamun kifi, da yadda ake gane ruwa zai tashi. Yanzu kuma ya fara aiko ƙanwarsa da karfasa, wai a ba ni. Anti, me yake nufi? Ko ma shi ne ya fara yi mini dariyar a guruf? Inna Kaltume, ƙanwar babana da nake hannunta, ta daina aikena bakin dam, kullum idonta na kan wayata. Ta ce in ta sake ganin kifin nan, Baffa, yayan babana, zai ji. Ni wallahi labarina kawai nake so ya yi kyau. Sau nawa ina yaga takardar nan, amma yau zan ba ƙawata ta turo miki.

'Yar Bakin Dam, Tiga

Ƙanwata, kin yi daidai da kika tashi neman sani. Mai karatu yana yafe labari mai sanyi, amma da ya kama ki kina rubuta abin da ba ki sani ba, ko kukan jarumarki ba zai yarda da shi ba. Sai dai Inna ba ta yi laifi ba: budurwa ta tsaya tana yi wa saurayi tambayoyi, kowa fassara ɗaya zai yi, har shi Uzairun. Maganar guruf zato ne, ki bar shi.

Tun kafin Baffa ya ji: karanta wa Inna babi ɗaya, ki roƙe ta ta raka ki wajen matan da ke bandar kifi, sun san ruwa kamar mazansu. Kifin Uzairu kuwa, Inna ta mayar da godiya da bayani, kada ki bar shi yana gina abin da babu. Allah ya sa albarka a alƙalaminki.