Kunyar 'Yar Fari Ta Hana Ni Rungumar Jaririyata

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle.

Yau kwana tara da na haihu a asibiti a nan Haɗeja, haihuwar fari, mace, kuma bakwaini ce. Kullum sai an soka mata allura a dunduniya an ɗebi jini, ga laluben jijiya idan abin ƙarin ruwa ya goce. Da farko kukan ma ba ta da ƙarfinsa, sai dai ta wage baki, fuska ta yi jawur, jiki na rawa.

Wata nas mai kirki ta ce min ba a ba jariri irin wannan magani don ɗan tsirar allura, ni ce maganin. Wai in kwantar da ita a ƙirjina fata da fata, in lulluɓe mu da zani, in ɗiga mata nono a baki kafin su taɓa ta. Ranar Talata na gwada, ba kowa a wajena. Ikon Allah! Ɗan motsi kawai ta yi ta koma barcinta, ni ce ma na yi kukan.

To mu Fulani ne, kuma Inna, uwar mijina, ita ke jinyata. Washegari ta shigo ta same ni a haka, ta dire kwanon kunu ta fice. Da ta dawo ta wanke ni tas, wai tun da take ba ta taɓa ganin marar kunya irina ba, 'yar fari ko kallonta ba a yi gaban manya, balle a manna ta a ƙirji likita namiji na tsaye. Wai ita tara ta haifa, duk sun sha askar wanzami sun yi kuka, wanne ya mutu? Ta ce daga yanzu ita za ta riƙa riƙewa.

Na kira maigidan, ya ce in yi haƙuri, tsohuwar nan shinkafarta ta baro a fadama ba a yanke ba, a kwalekwale ta tsallako don ni. Gaskiya ne, har tsummokaran jinina ita ke wankewa. Mahaifiyata kuma a waya ta ce kar in kuskura in zubar mata da mutunci a gidan surukai.

Ɗazu sun sake ɗiban jinin, sai a suka ta uku aka samu. Inna na riƙe da ita tana jijjigawa, yarinya ta yi kuka har muryarta ta ɗauke, ni ko ina bakin gado kai a sunkuye kamar ba ni na haife ta ba, nono na zuba har ya jiƙa min riga. Na tsani kaina.

Gobe da safe za su dawo da allurar. Iyaye mata, ku faɗa min tsakani da Allah, in miƙa hannu in karɓi 'yata a gaban Inna duk abin da zai faru ya faru, ko in sake sunkuyar da kai ina jin ta?