Kunyar Ɗan Fari a Ɗanzomo

Daga Muntaka a Ɗanzomo zuwa ga Yaya Hajaratu a Gumel. Gaisuwa mai yawa da ladabi da fatan alheri.

Bayan haka, Yaya, yaron nan nawa na fari ya gagari gari. Tun da Inna ta rasu babu mai tanƙwara shi. Ya jefi 'yan mata a bakin rijiya, shekaranjiya kuma ya kwance jakunan Cindo maƙwabcina, suka kwana a gonar gero. Mai gari ya ce ko ya shiryu ko ya bar garin. Na yanke shawara in ba da shi ga Ɗanjuma madugu, in sun dawo daga kai gyaɗa tashar jirgin Kano, ya wuce da shi Damagaram. Uwarsa Rakiyya sai ta zagaya bayan rumbu take kukanta, don kada a ce tana yi wa ɗan fari kuka. Ni ma raina a ɓace yake. Haza wasalam.

Daga Hajaratu zuwa ga ƙanena Muntaka. Gaisuwa da aminci.

Kai Muntaka, wane yaro? Ilu sunansa, malam mai rubuta mini wasiƙa, rubuta masa da kyau ya gani. Ni ma 'yar fari ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, amma gidanmu cike yake da kakanni da gwaggonni, kowa na ja mini kunne. Ku fa? Kai ba ka kula shi, uwarsa ba ta kula shi, Inna tana kabari. To, wa ya rage ya yi masa tarbiyya, jakunan Cindo?

Nan unguwarmu Malam Rabe yana tara iyaye bayan Juma'a, mu mata muna ji ta bayan danga. Ya ce yara sun sha karatu, yanzu saura masu yaran. Ya ce kunya abu ce mai kyau, amma ba ita za a tambayi uba ranar lahira ba. Ga abin da ya koya mana: ka tafi da shi gona ku biyu kaɗai, ka ba shi aiki, ka kira shi da bakinka, ka tambaye shi, ka yi shiru ya gama. Ka ajiye tsumagiya. In ka ba Ɗanjuma yaron nan, kada ka ƙara taka mini zaure. Ka gaida Rakiyya. Wasalam.

Zuwa ga Yaya Hajaratu, gaisuwa da biyayya.

Na yi yadda kika ce, amma na sha wuya. Muna yankan gero har rana ta take, harshena ya ƙi ɗaguwa. Da na kira shi, sai ya waiwaya bayansa yana neman mai kiran. Na tambaye shi zancen jakuna. Ya daɗe yana tona ƙasa da ɗan yatsa, sannan ya ce, "Baba, in an kawo ƙarata ne kaɗai kake dubana." Wallahi, Yaya, sai da na zauna a kan dami.

Yanzu kullum tare muke fita. A dandali ana ta yi mini dariya, wai na zubar da kunya. Amma Cindo, mai dariyar da ta fi ta kowa, ya biyo ni a ɓoye yana tambayar me malamin Gumel ya ce, don nasa ɗan farin ma ya fara. Ɗanjuma yana hanya, mai gari kuwa bai ce komai ba tukuna. Ki sa mu a addu'a. Wasalam.

Zuwa ga Yaya, gaisuwa.

Alhamdu lillahi, ayari ya wuce Damagaram ba da shi ba. Cindo ne da kansa ya roƙi mai gari a bar shi. Rakiyya har tuwo ta ƙara, ni kuma na yi barci.

Kada ki ɗauka ya zama waliyyi. Jiya ma ya fasa wa wani yaro baki a wurin kiwo. Sai dai kafin a kawo ƙara, shi ya fara zuwa ya durƙusa ya gaya mini, muka tafi ba da haƙuri tare. Haza wasalam, ƙanenki Muntaka.