Mijina Zai Koma Ruwa, Ni Kuma Na Ɓoye Ƙarfen

Assalamu alaikum Anti Aina'u. Don girman Allah ki taimake ni da amsa kafin ƙarshen watan nan, domin bayan nan shawara ba za ta yi mini amfani ba. Na san matsalata ba irin wadda aka saba kawo miki ba ce, har da zancen rediyo da ƙarfe a ciki, amma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Maigidana ya daɗe yana aiki a wata masaƙa a Challawa, ɓangaren rini. Da aka rufe ta bara waccan babu inda bai nemi aiki ba, Sharada, Bompai, har dako ya yi a Dakata. Daga baya wani tsohon abokin aikinsa mai suna Ashafa, mutumin Yawuri da ya tashi a bakin ruwa, ya ja shi Fatakwal. Suka haɗa ƙarfi suka samu ƙaramin jirgin ruwa mai inji na faiba, wato wata roba mai tauri, suna kai albasa da wake da 'yan kasuwa tsibirin Bonny. Alhamdu lillahi, tun daga nan asirinmu ya rufu, yara suka koma makaranta.

To wannan zuwan da ya yi, ba mutumin da na sani ba ne ya dawo. Abinci sai ya tsakura ya ture. Rannan muna tsaye a bakin titin Panshekara wata tirela ta danna hon a bayanmu, sai na ga ya durƙushe ya dafe kai, gumi ya jiƙe masa riga. Na tambaye shi, ya ce gajiya ce. Matar Ashafa ce ta faɗa mini gaskiya a waya, ita a zatonta na sani.

Wai da hantsi ne ruwan sama ya tsuge musu a tsakiyar hanya, har na bayan jirgin ba ya ganin na gaba. Sai ƙarar wani ƙaton jirgin dakon mai suka ji yana tunkaro su. Ashafa ya yi ta kira a 'yar oba-obarsu ta hannu, ba wanda ya amsa. Jirgin bai buge su ba, amma igiyar ruwan da ya tayar ta karkatar da nasu, buhuna suka zube, wani bawan Allah ɗan Nijar mai sayar da shayi ya faɗa ruwa. Maigidana ya cafki rigarsa, rigar ta yage a hannunsa. Sai washegari masunta suka tsinci gawar. Anti, har yau bai san na san wannan ba.

Abin da aka gaya musu a can shi ne, manyan jirage da na'urar rada suke gane abin da ke gabansu, kuma jirgin faiba ko na katako ba ya fitowa sosai a cikinta sai an ɗaura masa wani ƙarfe mai kusurwoyi. Oba-obar hannu kuma ba ta kaiwa nesa, sai da babbar rediyo da eriya. Rediyon dai Ashafa ya samo. Eriyar ce maigidana ya sayo a Sabon Gari, doguwa, ta fi ƙofar ɗakinmu tsawo, mai shagon ya ce daga ɗakin masu gadin wani kamfani da aka rufe a Bompai aka ciro ta, wai da ita har Zariya ana jin mutum. Ashafa ya ce bai yarda da ita ba, suka yi ta musu a waya har maigidana ya kashe.

Shi kuma ƙarfen, yayana Shu'aibu da ke walda a wani kamfanin tukwane a Sharada shi ya ƙera, da guntayen alminiyon da ya roƙa wurin ogansa, bisa kwatancen da Ashafa ya yi masa. Bai fi ƙwallon ƙafa girma ba, don maigidana ya ce a yi wanda zai shiga jaka, kuma wai a kan buhunan albasa zai riƙa ɗora shi. Da Yaya ya gama, ni ya kawo wa, ba maigidana ba. Ya zauna ya ce, "Ni ko teku ban taɓa gani ba. In ya dogara da abin nan ya shiga gaban jirgi, me zan ce wa 'ya'yanki?" Ya roƙe ni in ɓoye, in ce ba a gama ba. Na tura shi ƙasan gado. Kullum maigidana sai ya tambaya, kullum sai na yi masa ƙarya, ni da ban saba ba. Jiya ya ce da shi ko babu shi, ƙarshen wata zai tafi.

Ga kuma Hajiyarsa. Su a saninsu albasa yake sayarwa a kasuwar Fatakwal, ba su san yana hawa ruwa ba, kuma suna fama da hawan jini. Na san in na faɗa musu suka ce kada ya tafi, ba zai tafi ba. Amma na ga yadda ya lalace lokacin da yake wuni a benci a ƙofar kamfanoni, kuma ban san ko zai yafe mini ba.

In ba shi ƙarfen, kamar ni na tura shi. In hana shi, ya tafi haka nan. Shin ma abin nan yana aiki, ko kuwa kwantar da hankali ne kawai? Me zan yi?

Maman Sumayya, Panshekara

Wa alaikumus salam Maman Sumayya. Allah ya jiƙan bawan nan nasa da ya rasu, ya ba ku haƙuri. Ni ban san ruwa ba, don haka na kai zancenki wurin wani dattijo, tsohon sojan ruwa da ke zaune a Nassarawa, abin da zan faɗa miki kan kayan nan daga bakinsa na ji.

Ki fito da ƙarfen nan yau. Tsoron yayanki tsoro ne na mai amana, ban ga laifinsa ba, amma ɓoyewar ba ta hana tafiya, kariya kawai take ragewa. Ƙarfen yana aiki. Rada tana aika sigina ne ta jira ya dawo mata, kusurwoyin alminiyon su ke mayar da shi. Sai dai dattijon ya ce wanda bai fi ƙwallo ba ya yi ƙanƙanta. Yayanki ya sake wani, faɗinsa ya kai kamu biyu na hannu ko fiye, faranti uku da suka ratsa juna, kowace kusurwa a miƙe daidai, ya auna ta da ma'aunin kafintoci, don in ta ɗan karkace amfanin ya ragu ƙwarai. In jaka ce matsalar, ya yi wanda za a kwance a haɗa a can. Kuma ba a kan buhu ake ajiye shi ba. A kafa sanda mai ƙarfi a ɗaure shi can sama, iya tsawon da jirgin zai ɗauka ba tare da ya yi rinjaye ba, ɗaya daga cikin aljihunan da farantan suka yi yana kallon sama kamar mai tarar ruwan sama.

A zancen eriya Ashafa ne ke da gaskiya. Ta masu gadi an yi ta ne don rediyonsu, ba lallai ta dace da ta ruwa ba, tana ma iya lalata musu rediyon. Tsawonta kuma ba abin ruɗa mutum ba ne. Doguwar eriya ta fi dacewa da abin da ke tsaye cak, a ƙaramin jirgi mai tangaɗi kuwa magana sai ta riƙa yankewa. Gajera wadda aka yi don rediyon ruwa, kamar mita ɗaya, a ɗaga ta sama sosai, ita ta fi musu. Su saya a Fatakwal wurin masu kayan jirage, da wayarta mai kyau, a naɗe mahaɗar kada ruwan gishiri ya ci ta, su gwada da wani jirgin kafin su ɗauki kowa, su kuma bar rediyon a tasha ta sha shida, inda ake kiran gaggawa.

Amma ki gaya masa wannan da babbar murya: duk kayan nan ba sa tsayar da babban jirgi. Ruwan sama mai ƙarfi yana rikita rada, mai kallonta ma yana iya shagala. Su nisanci hanyar manyan jirage, in hadari ya haɗu su dakata, kuma kowa a jirgin ya sa rigar da ke hana nutsewa, har fasinja.

Hajiya kuwa, kada ki je musu a bayan idonsa. Haƙƙinsu ne su san inda ɗansu yake neman abinci, amma daga bakinsa, a hankali, ba tare da labarin gawa ba. In kin kai da kanki, kin hana tafiyar, kin kuma buɗe wata ɓarakar a gidanki.

Abin da ya fi damuna ba ƙarfe ba ne. Mutumin da hon ɗin mota ke durƙusar da shi bai warke ba, kuma shi kaɗai yake ɗauke da abin nan. Ki samu lokacin da yara ba sa nan, ki ajiye ƙarfen a gabansa, ki ce kin ɓoye ne don tsoro, ki ce kin san abin da ya faru. Kada ki yi masa faɗa, ki bar shi ya yi magana, in kuka ya zo ya yi. Ki tuna masa ya yi iya ƙoƙarinsa, kwana ne ya ƙare. In firgitar ta ci gaba, ya ga likita kafin ya hau ruwa. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya, ba fasa tafiya ba: kada jirgin nan ya sake tashi sai an gama haɗa komai an gwada. Ki kira Ashafa ku tsaya a kan magana ɗaya, na tabbata zai goya miki baya.

Allah ya tsare shi a tudu da ruwa, ya dawo miki da shi lafiya, ya sanyaya zuciyarki.

Anti Aina'u