Littafin da Inna ta zaɓa maka

La Guillotière, Lyon
Ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Kamal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Cap-Vert, kai da abokan aikinka. Allah ya tsare ku, ya ba ku sa'ar abin da kuka fita nema. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Maigidana, Baban Hamdiya, yana ta fama da aikinsa a Saint-Fons, ita kuma Hamdiya ta warke daga murar da ta yi, ta koma lakwal, wato makaranta. Amine abokin karatunka shi zai kawo maka wannan saƙo. Ya ce mini jibi zai taso ya same ku kafin jirginku ya kama hanyar Martinique.

Ka ce in nemo maka littattafan teku da za ka riƙa karantawa a hanya, tunda babu rezon waya a tsakiyar ruwa. Na nemo, suna cikin ƙunshin nan. Amma sai na gaya maka abin da suka jawo a gida, don kada ka ɗauka lafiya aka rabu.

Tun ranar da ka gaya wa Inna a waya cewa za ka ƙetare teku cikin ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, ta ajiye wayar, hankalinta bai sake kwanciya ba. Yaya Daouda ya kira ni ransa a ɓace, ya ce jininta ya hau har sai da aka kai ta wurin likita. Ya ce tunda maganata kake ji, in umurce ka ka tattaro kayanka ka dawo Paris. Na yi masa bayani cewa aikin bincike ne na jami'a, za ku riƙa ɗibar ruwa kuna auna ciyawar nan da ke lalata bakin teku, kuma akwai kyaftin wanda ya daɗe a aikin. Ya ce duk wannan surutu ne, ruwan da ya ci Soumaïla bai tambaye shi takardar jami'a ba. Ka san tun da Soumaïla ɗan Kawu Bukari ya nutse a Bahar Rum, ko a talabijin aka nuna teku Inna tashi take ta bar falon.

Duk da haka na je wani shagon tsofaffin littattafai a bakin kogin Saône. Mai shagon wata dattijuwa ce da ta ce mijinta ya yi aikin jirgi. Ta ba ni littafin wani tsohon matuƙi da ke koyar da ƙullin igiya da yadda ake gane hadari daga kamannin girgije. Wannan shi za ka fara karantawa, tun kuna tashar jiragen ruwa, kada ka bari sai jiri ya kama ka. Ta haɗa mini da labarin wata mata da ta yi tafiya a teku ita kaɗai, mai daɗin karatu, cike da kifaye masu tashi sama da fitowar rana. Sai kuma ta ɗauko wani siriri, hoton jirgi a kife a bangonsa. Na ce mata ba na so. Ta dube ni ta ce in dai ɗan'uwana ne da gaske, wannan ne ya fi bukata. Na karɓa ba da son raina ba, na tura shi can ƙasan jaka da niyyar ba zan aiko maka ba.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Na biya ta shagon Yaya a Château Rouge don in karɓi mabuɗi, yana cikin auna wa wata mata atamfa sai ya hango littattafan a jakata. Kamal, ban taɓa ganinsa haka ba. A gaban mutane ya ce wato shi yana neman yadda zai ceto yaro, ni kuma ina shirya masa guzurin halaka. Na karɓi mabuɗin, na wuce gida.

Na tarar da Inna a kan darduma, ta rame. Ta amsa gaisuwata a taƙaice. Balkisa matar Yaya ta raɗa mini cewa abinci ma sai an yi da gaske take taɓawa. Bayan azahar ina zaune kusa da ita, sai ta nuna jakar da haɓa, ta ce Daouda ya kira ya gaya mata, in fito da su ta ji abin da ke ciki. Na fara da na matar nan mai tafiya ita kaɗai, ina karantawa da Faransanci ina mayar mata da Hausa. Ba mu yi nisa ba ta ɗaga hannu, ta ce wannan baiwar Allah da alama ba ta da uwa, in rufe. Na ɗauko na tsohon matuƙin. Nan ta gyara zama. Da muka zo inda ya ce duk wanda zai fito saman jirgi sai ya ɗaura wata ɗamara mai igiya ya maƙala ta a jikin jirgin, ta sa na maimaita. Ta tambayi kaurin igiyar, da abin da ake yi in mutum ya faɗa ruwa da ita, da wanda zai jawo shi. Wasu na amsa daga littafin, wasu na ce ban sani ba.

Ina mayar da su ne ta hangi na ukun. Ta ce wancan fa mai jirgi a kife? Na ce ba shi da amfani. Ta ce ita ta haife ni, kada in raina mata hankali, in karanta. Labarin wasu abokai ne da guguwa ta kifar da jirginsu, suka yi kwanaki cikin ƙaramin kwalekwalen roba suna tarar ruwan sama suna sha. Mun kai har bayan la'asar muna ciki. Ina ganin numfashinta ya canza. Yaya ya shigo ya tarar da mu, ya ce wallahi in rufe littafin nan kafin in kashe masa uwa. Inna ta ce ya zauna ko ya fita. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ni kuwa ina karatu ina satar kallon fuskarta, ina tunanin in ta faɗi yau, me zan ce wa dangi.

Da na kai ƙarshe na rufe littafin. Sannan ta tambaya, su nawa suka dawo? Na ce duka, ban da mutum ɗaya. Ta ce me ya same shi? Na ce shi ne ya fi su gwaninta, shi ya sa da hadari ya taso ya kwance ɗamararsa don ya yi sauri, igiyar ruwa ta ɗauke shi. Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ta ce Soumaïla babu wanda ya gaya masa komai, an dai tura su cikin roba an bar su. Ta ce: "Wannan za ki sa masa a sama. Na san ɗana, gani yake ya iya komai."

Ga saƙonta, kamar yadda ta faɗa. Ba ta hana ka ba, amma ba za ta sa albarka ta bakina ba. Ka karance siririn littafin nan kafin ku tashi, sannan ka kira ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Za ta yi maka tambayoyi a kansa, kuma ka san ba ta mantuwa. Sai ka yi mata alkawari da bakinka cewa ba za ka taka saman jirgin ba tare da ɗamara ba, ko da teku ta kwanta kamar tabarma. In ta ji muryarka ta gamsu, za ta yi maka addu'a.

Yaya Daouda bai sauko daga fushinsa ba. Shi ya raka ni tashar jirgi jiya. Da zan shiga sai ya ce duk abin da ya same ka, ni zai tambaya. Na ce na ji. Don haka, Kamal, ba ranka kaɗai ka ɗauka cikin jirgin nan ba. Ka kira shi shi ma, ko zai yi maka faɗa, ka yi shiru ka saurara.

Baban Hamdiya yana gaishe ka ƙwarai. Balkisa tana gaisuwa, Hamdiya ta ce ka ɗauko mata hoton kifi mai tashi in da gaske akwai shi. Ka gaishe mini da kyaftin ɗinku, ka ce masa amana ce muka ba shi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.

Yayarka mai jiran labarinka,
Raliatou